Lemon da Ba Wanda Ya Aiko

Lahadi, 5:30 na yamma

Kwana tara da rasuwar Inna. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, an mayar wa maƙwabta kujerunsu, gida ya koma girmansa na da. Littafin nan na ɗauko shi daga shago ne don in riƙa rubuta wanda ya zo da wanda ya kira, sai ga ni ina rubuta abin da ba wanda ya tambaye ni.

Ga yadda gidanmu yake. Yaya da matarsa Anti suna ɓangaren gabas, a nan rumfarsa ta kafinta take. Dogo, mai bi masa, yana yamma da matarsa da 'yarsu da tarkacen firijin da yake gyarawa. Ɗakin Inna a tsakiya, yana kallon famfo. Ni ce auta, tun da aurena ya mutu bara na dawo, a ɗakin nata nake kwana. Daga ƙofar Yaya zuwa ta Dogo taku tara ne, na ƙirga. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba su yi wa juna magana ba.

Inna ce wayarsu. Wannan ya faɗa mata, ta ja silifa ta kai wa wancan, ta dawo da amsa. Ɗazu Yaya ya tsaya a bakin ƙofarta ya ce, "Inna." Sannan ya tuna. Ya daɗe a tsaye da hannu a jikin ƙyaure, can ya ce, "Auta, zo in aike ki."

Litinin, 6:50 na yamma

Aikina buga takardu ne a kwamfuta. Abin da aka miƙo mini shi nake bugawa, ba ƙari ba ragi. Ko shirme mutum ya rubuto, shirmensa zan buga masa ya sa hannu ya tafi. Oga har yabona yake yi a gaban mutane a kan haka.

To da Yaya ya ce in faɗa wa mutumin can ya kwashe matattun firijinsa daga hanyar ƙofa, gidan nan ba bola ba ne, haka na kai. Har da "mutumin can" ɗin, ban zubar da ko harafi ba.

Dogo yana tsugune a bayan wani firiji. Ya ɗago ya ce, "Haka ya ce?"

Na ce haka ya ce.

"Da bakinsa?"

Na ce to da nawa? Bai yi dariya ba. Shi kaɗai ya ja firiji uku zuwa lungu da ƙafar nan tasa mai ɗingishi, na ce in kama masa ya ce in bari.

Talata, 7:05 na safe

Amsa ta fito tun kafin in sha shayi. Dogo ya ce wai in ce wa Yaya shi ma ƙurar katakonsa ta ishi mutane, ko shanya ba a iya yi, kuma zarto da sassafe ba a daji ake ba. Na kai. Yaya ya ajiye guduma ya dube ni kamar na zo da wani yare. Ya ce yaushe mutumin can ya yi baki? Shekara goma sha ɗaya "to" da "ka yi haƙuri" kawai yake aikowa, wato tsohuwa yake jira ta kau.

Na wuce aiki, na makara.

Laraba, 6:30 na yamma

Saƙo huɗu yau. Ba mai daɗi ko ɗaya.

Alhamis, 1:20 na rana, a shago

Na buga wa wani takardar neman aiki na sa "famfo" a inda ya rubuta "fanni". Oga ya ce lafiya? Na ce lafiya.

Kofin Inna yana nan a kan taga inda ta bar shi. Kullum sai in ce yau zan wanke.

Juma'a, 6:15 na yamma

Matar Dogo ta tare ni a bakin famfo, tana wanke-wanke tana magana ƙasa-ƙasa. Wai ko na san laifin da suka yi wa Yaya, don duk ranar Juma'a yakan aiko wa 'yarsu da lemo ta hannun Inna, bai taɓa fashi ba, tun da aka kai ta asibiti shiru. Yarinyar har ta leƙa ɗakinmu ta tambaya. Na ce ban sani ba.

Ko minti goma ba a yi ba Anti ta kira ni in kama mata ninkin zanin gado. Muna ninkewa ta taɓe baki ta ce ashe lemon da Dogo yake aiko wa yayansa duk Juma'a don idon Inna yake yi, ga shi ƙasa ta rufe idonta ya daina.

Na tsaya da bakin zani a hannu. Ta ce, "Ke, ja mana."

Asabar, 11:00 na safe

Na je wurin mai lemo na bakin titi. Yana ganina ya cire hula ya yi mini gaisuwa, ya ce ya yi rashin uwa shi ma. Ya ce duk Juma'a da hantsi sai ta zo, leda biyu, shida-shida, ita take zaɓa da hannunta. Idan ɗaya ta fi ɗaya manya sai ta sa ya sake rabawa. Ya taɓa tsokanarta ya ce Inna, kishiyoyi kike rabawa? Ta ce 'ya'ya ne, sun fi kishiyoyi sa ido.

Na ce tun yaushe? Ya ce tun yana tura baro, kafin ya samu tebur. Ya fi shekara goma.

Na sayi lemo biyu don kada in tafi hannu haka. Ban iya sha ba.

Lahadi, 4:40 na yamma

Na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na tambayi Anti, a da yaya Yaya yake ba Inna saƙo? Ta ce kamar yadda yake ba ni mana, shi ai bakinsa ɗaya ne, "mutumin can" kaza, "mutumin can" kaza. Na zagaya na tambayi matar Dogo, a da yaya saƙon yake isowa? Ta ce Inna za ta zauna a kan bokitin fenti ta ce, yayanka ya ce yaya ƙafar, ya ce idan ka samu sarari ka ɗan gyara masa hanya. Shi kuma Dogo ya yi ta mita, ya ce a faɗa masa ba zai gyara ba, sannan ya tashi ya gyara.

Inna kuma ta koma gabas ta ce, ƙaninka ya ce to, ka yi haƙuri.

Taku tara. A cikin taku tara take wanke magana ta shanya ta goge kafin ta miƙa. Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Ni kuma mai kwamfuta, a sati ɗaya na rushe mata aikin shekara goma sha ɗaya, ina ta alfahari ba na ƙari ba na ragi.

Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa ba. Da ita, ina jin. Kwana ashirin muna asibiti, ta faɗa mini inda ta ajiye makullin akwati, ta faɗa mini wanda zan ba keken ɗinkinta, amma wannan ta yi shiru.

Litinin, 7:00 na safe

Yau ba wanda ya aike ni. Shirun ya fi saƙon ban tsoro.

Talata, 5:50 na yamma

Na dawo daga aiki na tarar da bulo a ƙofar gida. Mota guda, an jera har ya tare rabin hanya, ga yashi a gefe. Anti ta ce Yaya ne. Katanga zai ja daga bakin ɗakin Inna zuwa ƙofar waje, kowa ya fasa tasa ƙofar, kowa ya ja nasa famfon.

Na ce ɗakin Inna fa, ta ina zan riƙa fita? Ta ce wannan sai in tambaye shi.

Inna takan ce muddin ana haɗuwa a bakin famfo gida bai mutu ba. Idan katangar nan ta tashi, su biyun nan sun rabu ke nan har ƙasa, kuma bakina ne ya ɗauko bulon.

Laraba, 1:10 na rana

Jiya da na rasa abin yi na buɗe akwatin Inna. Zannuwa, turare, katin asibiti. A can ƙasa, a cikin ɗankwali, takalmin makaranta ƙafa ɗaya, baƙi, ɗan ƙarami, igiyarsa a ɗaure.

Na san na waye. Ba zan rubuta sunansa ba, ba a faɗarsa a gidan nan. Da yanzu shekararsa goma sha bakwai. Shi kaɗai Allah ya ba Yaya da Anti. Ran nan Yaya yana da aiki, Dogo ya ce kawo in sauke shi a hanya da babur. Suka yi hatsari, yaron bai tashi ba.

Babur ɗin yana nan a bayan ɗakin Dogo, an rufe shi da buhu, tayoyin sun nutse a ƙasa. Bai sayar ba, bai kuma sake hawa ba. Anti ko da kaza ta gudu can ba ta bin ta.

Na mayar da takalmin yadda na same shi.

Alhamis, 6:45 na yamma

Na gwada yin irin ta Inna.

Yaya ya ce in faɗa wa mutumin can Asabar ta sama magini zai zo, duk abin da ya bari a layin famfo shi ya sani. A hanya na yi ta jujjuya maganar a baki. Na zauna a kan bokitin fentin ma, don abin ya yi kama. Na ce, Yaya ya ce yaya ƙafar.

Dogo ya dube ni, ya dubi hannuna. Ya ce, "Auta, kina sosa wuya."

Tun ina ƙarama idan zan yi ƙarya sai na sosa wuya, kowa ya sani. Na sauke hannun.

Ya yi 'yar dariya ya ce in bar wahalar da kaina. Ya ce irin wannan maganar Inna kaɗai Yaya yake iya faɗa wa, ba zai faɗa wa yarinya ba. Wato har yanzu ya yarda daga bakin Yaya take fitowa. Na ji kamar in kwanta a ƙasa. Na ba shi saƙon na gaskiya na tashi.

Juma'a, 6:00 na yamma

Na wuce mai lemo ta ɗaya tsallaken.

Lahadi, 10:30 na safe

Dogo ya shigo ɗakin Inna, abin da bai yi ba tun ranar da aka fita da ita. Ya zauna a bakin gado yana murza hularsa. Ya ce yana da saƙo, amma ba irin na kwanakin nan ba.

Ya ce, "Shekarar da abin ya faru, bayan an cire mini ƙarfen ƙafa, Inna ta zo ta ce Yaya ya ce ya yafe mini. Fuskata ce kawai ba zai iya kallo ba. Da wannan nake kwana nake tashi, Auta. Ki tambaye shi, janyewa ya yi?"

Na ce to.

Me zan ce in ba to ba?

Litinin, 7:15 na yamma

Ban kai ba.

Na bi ta bayan fage dai. Na samu Anti tana tsintar shinkafa, na zauna ina taya ta, na kewaya na kewaya sannan na tambaya ko Yaya ya taɓa cewa ya yafe. Hannunta ya tsaya a cikin tire. Ta ce bai taɓa ba, ko a mafarki. Ta ce sau biyu yana neman sayar da ɓangarensu su bar unguwar. Abin da ya hana shi, duk shekara idan ranar ta zagayo Inna takan shigo ta ce Dogo ya zo ya durƙusa a gabanta yana kuka, ya ce a roƙa masa gafarar yayansa. Yaya ba ya amsawa, amma sai ya kwana biyu bai ce "mutumin can" ba.

Ban ma tambayi matar Dogo ba, ita ta faɗa mini da kanta kwanaki, cewa mijinta bai taɓa buɗe baki a kan maganar ba. A ganinsa tun da an yafe, tayar da ita fama ciwo ne.

Ɗaya bai roƙa ba, ɗaya bai yafe ba. Kowa yana zaune a gidan nan a kan maganar da ɗan'uwansa bai faɗa ba.

Inna, Allah ya jiƙanki, amma kin bar mini aiki.

Talata, 1:00 na rana

Dogo ya tambaye ni da ido a bakin famfo. Na ce ban samu Yaya shi kaɗai ba. Na riƙe bokiti da hannu biyu don kada in taɓa wuya.

Laraba, 6:20 na yamma

An kawo siminti, buhu goma. 'Yar Dogo tana hawa kan bulo tana tsalle, uwarta ta daka mata tsawar da ta fi laifin.

Ina da hanya biyu kuma duk ba na son su. In koma wa Dogo in ce Yaya ya ce bai janye ba, ya gane ni a wuya. Ko in kai tambayar yadda take, Yaya ya ce yaushe na yafe, in ɗauko wannan in kai wa mutumin da ya ce da ita yake kwana yake tashi.

Na yi ta gwada ƙarya a gaban madubi kamar mahaukaciya. Ba ta zama a fuskata.

Juma'a, 7:30 na safe

Gobe ne. Na wanke kofin.

Asabar, 3:00 na rana

Bari in rubuta tun ban fara gyara wa kaina labarin ba.

Magini ya zo ƙarfe takwas. Ya kafa ƙusa a bakin ɗakin Inna, ya ja igiya zuwa ƙofar waje. Igiyar ta bi ta kan famfo daidai. Ya ce sai masu gida biyu sun tsaya sun ga layi, ba ya son a kira shi gobe a ce ya ci wa wani ƙasa. Yaya ya fito. Dogo ya fito. Matan suna bakin ƙofofinsu. Ni ina tsakiya, igiya tana taɓa mini zani.

Yaya ya ce, "Auta, ki ce masa ya duba, kada ya ce an cuce shi."

Dogo ya ce, "Auta, kin tambaye shi?"

Kusan tare suka faɗa, kowa yana kallona, kamar ɗayan yana wani gari. Ban shirya komai ba.

Na ce, "Ba ni da saƙon kowa. Na Inna ne da ni. Lemon Juma'a ita take saye, leda biyu, ku je ku tambayi mai lemo. Yaya, Dogo bai taɓa aiko a roƙa masa gafara ba. Dogo, Yaya bai taɓa cewa ya yafe ba. Bai taɓa tambayar ƙafarka ba. Duk ita ce."

Dogo ya kalli hannuwana. Suna gefena a sake, duka biyun.

Magini ya sunkuya yana gyara ƙusar da ba abin da ya same ta. Anti ta toshe baki da gefen zani. Na ga fuskar Dogo ta zube, ya dafa famfo don kada ƙafar ta ci amanarsa. Na ce a raina shi ke nan, na ƙarasa kashe gidan.

Sai ya saki famfon. Ya zo har bakin igiya, ya daɗe yana kokawa da ƙafar kafin gwiwarsa ta kai ƙasa. Bai dube ni ba.

Ya ce, "Yaya, ni na ce kawo in sauke shi. Ni nake tuƙi. Na yi sauri, ba wanda ya sa ni. Ka yafe mini."

Famfo yana ɗiga a bokiti, shi kawai nake ji. Yaya yana kallonsa, kallo na sosai, daga furfurar da ta fito masa har ƙafar. Ina jin bai san ƙaninsa ya yi furfura ba.

Ya ce, "Ban yafe ba." Ya sake cewa, "Ban yafe ba, Dogo. Ban sani ba ko zan iya. Tashi, ƙafarka."

Ya juya ya ce wa magini ya je, zai neme shi. Magini ya ce igiyar fa? Ya ce a bar ta. Ya shige rumfa, har yanzu ban ji zarto ba.

Asabar, 6:10 na yamma

Dogo ya zo. Na zaci zagina zai yi, na ma shirya, don na cancanta. Ya tsaya a bakin ƙofa idanunsa jajur.

Ya ce, "Kin ji? Sunana ya kira."

Na ce ai cewa ya yi bai yafe ba.

Ya ce, "Na ji. Amma ni ya faɗa wa."

Da ya tafi na ɗauko lemon nan biyu da suka yi sati biyu a kan taga, sun fara yamushewa. Na ɓare ɗaya. A nan kukan ya zo, wanda ban yi a asibiti ba, ban yi ranar jana'iza ba.

Litinin, 6:55 na safe

Bulo yana nan, siminti yana nan, igiya tana nan, kowa sai ya ɗaga ƙafa ya tsallaka idan zai ɗebi ruwa. Ban san ko za a kira maginin ba.

Ina sa takalmi na ji Yaya daga bakin rumfa, da muryar nan tasa mai kamar faɗa: "Famfon nan yana zuba, ba ka gani ne?"

Na miƙe da takalmi ƙafa ɗaya, har na kai ƙofa.

Dogo ya ce, "Na gani, Yaya. Roba ce, yau zan sayo."

Ba ni aka kira ba. Na koma na sa ɗayan.